Ruwan Da Ba Ya Dawowa

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Inna. Yaya gwiwar? Na san za ka ce da sauƙi, ko da rarrafe kake zuwa lambu.

Ka tambaye ni ko da gaske za a rufe magudanar da ke mayar da ruwan tashar wutarmu kogi, wadda ka shekara goma sha bakwai kana ban ruwa da ita. Maganar tana nan, amma kwantar da hankalinka. Injinmu na tururi ne, dole a sanyaya shi. Yanzu ruwa mai yawa muke ja, mu sanyaya injin, mu sake shi ya bi ta gindin lambunka kusan yadda muka ɗebo shi. Su kuma manyanmu hasumiyar sanyaya ruwa suke so a gina. Kaɗan take ja, amma yawancinsa sama yake tafiya, an rabu ke nan. Wutar da za ta riƙe dutsen guga awa ɗaya, sai ta shanye mata wajen lita biyu.

Ni aka ba lissafin. Mako uku ina hawa da sauka a ɗakin famfuna, har takalmina ya buɗe baki. Na jera musu ruwan da kowace hanyar samar da wuta ke ci: tururi, gas, madatsar da rana ke lashe samanta, farantan hasken rana da wanki kawai suke nema, da injin iska da ko kurɓa ba ya yi. Duk wanda ya karanta ba zai taɓa magudanar ba. Dashen lemon nan sittin da kake ta jinkiri, dasa abinka. Na ɗauke maka.

A gaida Inna.
Autarka

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun tashi lafiya. Ni dai tun Laraba raina a ɓace yake.

An yi taron. Mai kula da sito yana ba da takarda kamar naman jikinsa yake yanka, shi ya sa na buga rahoton gaba da baya. A gaba, ruwan da kowace hanya ke ja. A baya, ruwan da ba ya dawowa. Baba, mutum tara a ɗakin nan, babu wanda ya juya takardar. Manaja ma kofin shayinsa ya ɗora a kai. Suka ga hasumiya ta fi jan kaɗan, suka yi ta gyaɗa kai, har da yaba mini.

Babban injiniya ya ce ruwan da muke saki da ɗumi yana wahalar da kifi. Gaskiyarsa ce. Ai na ba da shawarar a haƙa tafki ya huce a ciki kafin ya wuce, ita ma tana baya. Sau uku ina ɗaga hannu. A na ukun aka ce lokaci ya ƙure, in rubuto.

Haushinsu nake ji, amma nawa ya fi. Saboda takarda ɗaya tal. Kuma jiya saƙonka ya iso, cewa ka tuge tumatirinka, ka dasa duka sittin, har ka sa wa na bakin ruwa sunana. Na kasa cin abinci.

Taka,
Auta

Baba,

Ina gaisuwa. Yaya jikin, yaya Inna? Ka yafe mini shirun da na yi.

Shekara biyu ina rubuta ƙorafi. Goma sha ɗaya na kai, kowane a gaban takarda kawai, na koyi darasi. Amsa ɗaya na samu, cewa da rahotona aka yanke shawara. Hasumiya ta ginu, tana ta furzar da farin tururi, baƙi har hoto suke ɗauka.

Inna ta ce lemukan sun yi furen fari, kana zama cikinsu ka ƙi shigowa cin abinci. Shi ya sa na kasa zuwa in faɗa maka da baki.

Ranar Litinin za a rufe. Kafin nan ka cika duk abin da ke riƙe ruwa, a nemo mai haƙa rijiya ya duba kusurwar gabas, ko Allah zai sa a dace. Sun ce wanda ya fi sanin magudanar shi zai juya makullin. Idan da hantsi ka ga ruwan ya fara ja da baya, kada ka zagi mai rufewa, Baba. Ni ce.

Allah ya ba mu haƙuri.
'Yarka,
Auta