Numfashin Ɗan Fari

Dutse,
Laraba, cikin Agusta 1996.

Zuwa ga Addata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, da maigidan, da yara, da su Goggo. Yaya damina? Yaya ƙafar taki, kin daina taurin kan nan kin fara shan maganin da na aiko? Yaya kuma mutuniyarki?

Adda, ki yi haƙuri, Juma'ar nan ma ba zan zo Ringim ba. Na san na yi alkawari, na kuma san kin riga kin gaya wa yarinyar. Kada ki hau ni da faɗa sai kin kai ƙarshen takardar.

Kin tuna ɗakin da na ba ki labari, wanda Dakta Nata'ala ya sa aka kwashe tarkacen cikinsa aka sa gado biyu, don marasa lafiyar da suka fi kowa galabaita? Ni ya ɗora a kai, saboda ɗan kwas ɗin da na yi a Kano. Lokacin har wani daɗi na ji. To ranar Lahadi aka kawo mana wani makiyayi daga wata ruga can bayan Buji, Zailani sunansa, magidanci ne, matarsa ma tana cikin jego. Kaska ce ta addabi shanunsu, ya jiƙa maganin kaska a ƙwarya ya yi ta wanke su da hannu, ko riga babu a jikinsa, tun safe har azahar. Maganin ya bi fatarsa. An kawo shi bakinsa yana kumfa, muka yi ta allura har ya dawo hayyacinsa, muka ce an tsira. Jiya da hantsi sai ya kasa ɗaga kai, kafin la'asar ƙirjinsa ya daina motsi.

Dakta ya zura masa tiyo ta baki har maƙogwaro. A ƙarshen tiyon akwai wata baƙar jakar roba, girman gwanda. In kin matsa, iska ta shiga huhunsa, in kin saki ta fito. A manyan asibitoci inji ne ke yin wannan aikin. Namu tun bara ake cewa yana hanya, ban sani ba ko a jaki aka ɗoro shi. Don haka sai hannu, kuma in hannu ya tsaya, ran Zailani ya tsaya. Dakta ya ce dafin zai sake shi da kansa in Allah ya so, amma ba wanda ya san ranar. Kai shi Kano ba zai yiwu ba, motar asibiti ba mai, ko da mai ma ramukan hanya za su fisge tiyon.

Abin da ya fi ci min rai shi ne idonsa biyu. Yana ji, yana gani, ba ya dai iya motsi ko magana. Kullum idonsa yana kan hannun da ke riƙe da jakar. In mutum ya soma gyangyaɗi sai ki ga idon nan ya firfito, kuma ba shi da bakin tashin kowa.

Mu kuwa 'yan kaɗan ne. Ni, da Hassana abokiyar aikina, da Malam Mailafiya dattijon da ke tura gado, sai Baffan Zailani. Kin san halin Dutse, sunan babban birnin jiha kawai ta ci. Ranar Juma'a ana idar da salla rabin ma'aikata sun kama hanyar Kano, sai Litinin. In na bi sahunsu, wa zan bar wa jakar?

Ɗan'inna direba zai kawo miki wannan da ɗan biskit. Ki ba yarinyar, ki lallashe ta.

Taki ƙanwa,
Mashkura.


Dutse,
Talata.

Addata,

Sallama da gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Ina fata kowa lafiya, ina kuma fata ruwan nan bai yi muku ɓarna a katanga ba.

Amsarki ta iso, na kuma sha faɗan. Ba sai kin ba ni labarin yadda yarinyar ta zauna a zaure da sabon takalminta tana jiran Anti Dutse har magariba ba. Kin san inda za ki taɓa ni, kin kuwa taɓa. Tun da na kai miki ita yaye take hannunki, ke take kira Inna, ban taɓa cewa komai ba. Amma ranar nan sai da na shiga bayan ɗaki na yi kukana.

Zailani yana nan yadda yake. Yatsuna sun kumbura, cokali ma da ƙyar nake riƙewa, yau Hassana ce ta ɗaura min ɗankwali. Gidana na Yalwawa kuwa rabona da shi tun da aka sa tiyon nan, wataƙila gara ta gama da tabarmata. Na bi ɗakuna ina roƙon a ara mana ma'aikata, kowa ya nuna min nasa gadajen a cike. Ba na ganin laifinsu, amma ina jin haushinsu.

Mun dai fara zama jiki ɗaya, mu 'yan ɗakin. Na kafa mana doka: ba wanda zai ɗage hannunsa daga jakar sai hannun mai karɓarsa ya hau kan nasa. Ko Dakta ne sai ya bi. Malam Mailafiya da tasbihi yake auna nasa, ya ce Subhanallah ya matsa, ya ce Alhamdulillah ya saki, kuma bai taɓa kuskure ba. Baffa kuwa da farko matsa yake kamar mai matse wanki, sai da na yi ta kwaɓarsa. Dattijo ne, na ji nauyin yi masa tsawa, amma na yi.

Wadda ta tsaya min a wuya ita ce uwar Zailani. Tun ranar da aka kawo shi take zaune a gindin darbejiyar da ke jikin tagarmu, ta juya wa ɗakin baya. Ko leƙowa ba ta taɓa yi ba. Kullum da safe 'yan uwansu na wata ruga nan kusa suna kawo mata nono, ta miƙo mana ƙwaryar ta ce, "Sannunku da aiki. Yaya masu jiki?" Masu jiki fa, Adda, kamar ba nata ba ne a kwance. Na fita na durƙusa na ce, Inna, hannu muke nema, ki shigo in koya miki. Ta ja gefen mayafi ta rufe baki ta ce ai akwai Baffansa.

Ɗan farinta ne. Kin dai san abin namu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Baffa ya ce kakarsa ce ta raine shi, ita kuwa tun da ta haife shi "wancan" take ce masa. To na ji, kunya ado ce. Amma mutum yana tsakanin rai da mutuwa? Shi kuma duk sanda na juya shi, idonsa sai ya nemi taga, inda ba a ganin komai sai ƙeyarta.

Na san abin da za ki ce, cewa ni ma ai haka nake da mutuniyarki. Ki bar shi a cikinki. Nawa daban ne, ita lafiyarta ƙalau tana cin biskit.

Ki sa mu a addu'a, Juma'a tana sake zuwa, ni kuwa tsoronta nake ji.

Mashkura.


Dutse,
Asabar.

Adda,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa da kowa. Ki yi haƙuri da rubutun, yatsuna har yanzu a kumbure suke.

Abin da nake tsoro ya faru jiya. Tun ranar Alhamis Baffa ya koma Buji, shanunsu sun shiga gonar wani, magana ta kai gaban mai unguwa. Jiya da azahar aka kawo wata mai naƙudar da ta ƙi ci gaba, Dakta ya shiga ɗakin tiyata ya tafi da Hassana. Malam Mailafiya ya rasa Juma'ar da ta wuce saboda mu, na ga yana ta kallon ƙofa, na ce ya je masallaci ya dawo da wuri. Asibiti ya yi tsit. Daga ni sai Zailani sai jakar.

Can sai na ji jakar ta yi tauri a hannuna. Majina ce ta toshe tiyon. Injin zuƙe majinar yana can lungun ɗaki, na taka-da-ƙafa ne, kuma sai an sa hannu biyu kafin a haɗa shi. In na tashi, ba mai matsawa. In na zauna, iskar da ke shiga ba ta isa. Leɓensa ya fara duhu, idonsa yana kaina. Na kira, na sake kira, ba kowa a baranda. Daidai lokacin kuma hannuna na dama ya ƙage, yatsun suka ƙi buɗuwa.

Adda, ban san sanda na ɗaga murya na yi wa tagar nan ihu ba. Babu sannu Inna, babu durƙuso. Da ɗan guntun Fillancin da ya rage min na gaya mata ɗanta zai mutu yanzun nan, a bayanta, in ba ta taso ba.

Ta taso. Da baya-baya ta shigo, fuskarta a rufe. Ban nuna mata komai ba, ta lalubo jakar ta ɗora hannunta a kan nawa, ta jira sai da na zare. Ashe duk kwanakin nan da take zaune a gindin bishiya kunnenta yana ɗakin. Ta san dokarmu, ta san saurin da ake matsawa, daga sautin jakar kawai. Na ruga na jawo injin, na zuƙe majinar, muka mayar da jakar, ƙirjinsa ya tashi. Ni kuwa na zube a ƙasa.

Ita ta zauna a kujerar da ke kusa da kansa, ta fuskanci bango, hannunta a miƙe ta gefe. Ko sau ɗaya ba ta dube shi ba. Da Malam Mailafiya ya dawo yana haki, ya miƙo hannu zai karɓa, ba ta ɗage nata ba. Ta ce, "Bai gaji ba." Hannun da ya saba tatsar shanu ne, ba irin namu ba. Haka ta riƙe har bayan la'asar.

Hawaye ya yi ta gangarowa daga idon Zailani yana shiga kunnensa. Na ɗauko auduga zan share, sai na ga ɗaya hannun nata ya lalubo goshinsa ya kwanta a kai, fuskarta tana bango har lokacin. Na mayar da audugar, na yi kamar ina gyara ruwan da ake ƙara masa.

Yau da safe ba ta koma gindin darbejiya ba. Ta shiga layinmu, bayan Hassana, kafin ni.

Taki,
Mashkura.


Dutse,
Alhamis.

Zuwa ga Addata abar ƙaunata,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fata wannan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ki gaida maigidan da su Goggo, ki ce musu addu'arsu ta karɓu.

Zailani yana numfashi da kansa. Ranar Litinin uwar ce a kan jakar, sai na ji ta yi magana, ba da ni ba, da bango: "Wancan yana ja." Na sa hannu na ji, gaskiyarta, jakar tana lotsawa kafin a matsa ta. Jiya Dakta ya cire tiyon. Kin san abin da ya fara fita daga bakin mutumin nan? Ya dubi Baffa, wanda ya riga ya dawo daga Buji, da wata dusasshiyar murya ya tambayi lafiyar shanu. Uwarsa kuwa tuni ta koma gindin bishiyarta, ta juya baya. Su biyun nan sai Allah.

Yau da sassafe ta ɗaure kayanta, wai mai jego tana can ita kaɗai. Na raka ta bakin ƙofar asibiti. Ta tambaye ni ko ina da 'ya'ya, na ce ɗaya, tana wajen yayata. Ba ta tambayi sunanta ba, ta san ba zan faɗa ba. Ta dai kama hannuna mai kumburin nan ta riƙe, ta daɗe, sannan ta ce, "Ni sai da aka yi min ihu."

Na so in ce miki gobe ina tafe. An ba mu sababbin ma'aikata biyu, Dakta ya yi ta zirga-zirga har aka samu. Amma ko jakar ba su taɓa riƙewa ba, kuma ɗazu aka kwantar mana da wata mai jego da jijjiga ta kama, a gado na biyu. Ɗakin nan ba zai sake ni yanzu ba, na daina yi miki alkawari.

Don haka ga roƙona. Ɗan'inna zai dawo Dutse ranar Asabar, na ce ya ajiye muku gaban mota. Zan roƙi Hassana ta riƙe min wuni ɗaya, in share gidan Yalwawa. Ki zo min da ita, da sabon takalmin nata. Kuma kafin ku taso, ki zaunar da ita ki karanta mata layin nan da ƙarfi, ki ce mata ba Anti Dutse ba ce, uwarta ce ta rubuta da hannunta:

Hadiyya, ki zo, ina jiranki.

Allah ya kawo ku lafiya.

Ƙanwarki,
Mashkura.