Tocila Huɗu Daga Legas

Unguwar Rimi, Tofa.
Watan Nuwamba.

Zuwa ga aminina Kallamu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Amsa da yara, kuma kasuwa tana tafiya. Mu nan sai godiyar Allah. Safiyatu tana gaishe ku, ta ce kuka da daddawar da ke cikin ƙullin nan na Amsa ne, kada ka sa musu hannu.

Saƙonka ya iso ta hannun Tahir direba, tocila uku a kwali, babu wadda ta fashe. Allah Ya saka da alheri. Ka ce me ya hana in yi maka bayani a waya. Ka san a shagon caji wayata take yini, kuma maganar da aka yi a bakin shagon nan kafin la'asar ta kai masallaci. Ban da haka ma, Babarbare irinka sai an rubuta masa yake ganewa.

Aikin da na gaya maka ya tabbata. Gadin gidan gonar wani Alhaji ne a hanyar Tofa, raguna da kaji, mu biyu muke kwana, ni da wani Fa'izu mutumin Ungogo. Tun da aka raba gonar gado, abin da ya zo hannuna dawarsa ba ta fitar da mu shekara, saboda haka aikin nan shi ne tuwon gidana.

Ka ce in gwada su in faɗa maka gaskiya don ka san irin wadda za ka riƙa sarowa. To ga ta. Mai ƙananan ƙwayayen nan da yawa kamar saƙar zuma, ita ce mai haƙurin batir, sai in yi kwanaki ban kai ta caji ba. Amma haskenta shuɗi-shuɗi ne marar ƙarfi, iyakarsa gaban ƙafata. Mai faffaɗan ƙwai rawaya kamar an shafa gwaiduwa, wadda ka yi ta yabo cewa tana cika fili, ni ban ga cikar ba. Fa'izu ya ce idan na kunna ta a garke kamar gari ya waye, amma shi komai na Legas burge shi yake yi. Ni dai tsakiya nake ganin haske, gefe da gefe duhu.

Ta ukun ita ce ta fi kwanta min, mai ƙwai ɗaya ƙanƙane kamar ƙwayar gero, wadda ake jan wuyanta. Tana kai wa har ɗorawar da ke ƙarshen shinge, ina iya ganin reshe. Aibinta biyu. Tana zafi a hannu, kuma kafin dare ya raba ta fara ja kamar garwashi.

Idan akwai wadda ta haɗa nisa da faɗi da jimiri, ka duba min. Na san kai ka fi ni sanin waɗannan ƙwayayen na zamani da kuke ce wa LED.

Ka gaida Amsa, ka shafa min kan yara.

Naka har kullum,
Dabo.

Unguwar Rimi, Tofa.
Watan Janairu.

Aminina Kallamu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma jikin Amsa ya yi sauƙi. Allah Ya ƙara afuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, layukan suna ta hawa kan juna, biron ne ba shi da kyau.

Mu nan lafiyar jiki akwai, amma hankalina ba a kwance yake ba. An shiga gidan gonar, an tafi da raguna daga cikin waɗanda Alhaji yake kiwatawa don Babbar Sallah, kuma a ɓangarena aka yanka wayar shingen.

Ga yadda abin ya faru. Gab da asuba na ji motsi, na tashi da mai jan wuyan nan, na haska ƙofar garke, na ga sakata a rufe. Na haska ɗorawa, babu kowa. Na koma na zauna. Da gari ya waye manajan gidan gonar ya bi sawu, sai ga takun mutane da na dabbobi sun wuce ta hagun inda nake tsaye, kusa ƙwarai, har Fa'izu yana cewa da na miƙa sanda da na taɓa su. Manaja ya tambaye ni ko barci na yi, na rantse masa ban yi ba. Sai ya yi min wani kallo, na gane tunaninsa ya tafi wani wuri da ya fi barci muni. Kallamu, a garin da aka haife ni yau ana kallona da wannan idon. A masallaci babu wanda ya ce min komai, amma gaisuwar ta gajarce.

Na nuna wa manaja tocilar, na ce haskenta kamar leƙe ta cikin bututu ne. Ya karɓa ya kunna da daddare, ya ce shi yana ganin garke da rabin shinge. Na ce to batirin ne ya huta a hannunsa. An bar ni a kan aiki albarkacin limaminmu da ya sa baki, amma an ce wannan ne na ƙarshe.

Akwai kuma abin da ban faɗa maka ba. Kafin satar na faɗa kwalbatin bakin titi ina dawowa daga isha'i, mai rawayan ƙwan tana hannuna a kunne. Ƙwaurina ya daɗe bai warke ba. Safiyatu ta ce ita idan na kunna ta a tsakar gida har idonta take kashewa, na ce mata idon mata ne. Ta ce ko dundumi ne, ta riƙa gasa min hanta, ina ci don kada in ɓata mata.

Ina zaton masu caji ne suke lalata batiran, solarsu ba ta da ƙarfi kuma suna cirewa kafin su cika. Don girman Allah ka nemo min mafi ƙarfin da ke shagonka, wadda lambar haskenta ta fi kowace yawa a jikin kwali. Ko da tana cinye batir kafin tsakar dare, zan riƙa haɗawa da mai saƙar zuman. Idan aikin nan ya kuɓuce ban san inda zan dosa ba.

Ka gaida mutan gida.

Amininka,
Dabo.

Unguwar Rimi, Tofa.
Watan Afrilu.

Kallamu ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya aka yi Sallah? Allah Ya karɓa mana, Ya maimaita mana. Ina fata kowa lafiya. Na ga kiranka sau da yawa, ban ɗauka ba ne don ban san da wace murya zan yi maka magana ba.

Babbar tocilar ta iso tun kafin azumi. Ban taɓa riƙe irinta ba, nauyinta kamar taɓarya. Ranar da na fara kunna ta mutanen unguwa suka fito, an ce tana kai wa har gonakin hayin rafi, kuma batirinta yana kwana. Kowa yana ta santi. Ni kuwa abin da na gani shi ne farin wuri ɗaya kamar faifai, da wani zobe mai launin bakan gizo kewaye da shi, sai ciwon kai a bayan ido. Na ce musu lallai tana da kyau.

Bayan kwanaki na kasa daurewa. Da aka yi sallar magariba na haska tsakar gida da ita, na ƙwala wa Safiyatu kira ta zo ta gaya min iyakar inda take gani. Na sake kira, har na fara faɗa. Sai na ji muryarta a kafaɗata ta hagu, a hankali.

"Malam, tun ɗazu ina nan tsaye kusa da kai."

Na juya kaina gaba ɗaya kafin na gan ta, hannunta riƙe da buta, tana hawaye. Ta ce ta daɗe da lura. Idan ta ajiye min kwano a gefe sai in zauna ina jiran abinci. Yara sun koyi kawar da kujera daga hanyata ba tare da an ce musu ba. Kowa a gidan ya sani ban da ni.

'Yata Rukayya ce ta zo daga gidan mijinta a Bacirawa ta kai ni asibitin ido a birni. Aka sa ni na leƙa cikin wata na'ura, aka ce duk lokacin da na ga ɗigon haske in danna. Na zauna ina jira su fara, ashe sun daɗe da farawa. Likitar mace ce, mai hankali. Ta ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar daga gefe yana shigowa ciki, ba ya ciwo sai ya yi nisa. Na tambaye ta ko aiki za a yi, kamar yadda aka kankare wa liman yanar ido ya dawo yana karatu. Ta ce wannan daban ne.

"Baba, abin da ya tafi ya tafi. Wanda ya rage za mu yi ƙoƙarin riƙewa."

Ta tambaya ko akwai wanda ya makance a gidanmu. Ka tuna Baffa, yadda muke jan shi zuwa masallaci ana cewa jifa aka yi masa? Ta ce a kawo 'ya'yana duka a duba su, don abin yana bin jini. A cikin A-daidaita-sahu muna dawowa Rukayya tana ta ba ni baki, ni kuwa idonta nake kallo.

Na je na gaya wa manaja da kaina. Ya ce Allah Ya sawwaƙe, ya ce kuma in yafe masa zaton da ya yi. Sunana ya wanku ke nan, aikin kuma ya tafi. Na bar wa Fa'izu babbar tocilar, shi za ta yi wa amfani.

Abin da na rubuta maka game da tocilolin nan kada ka yi aiki da shi a kasuwa. Ka tambayi mai ido.

Ka sa ni a addu'a.

Dabo.

Unguwar Rimi, Tofa.
Watan Yuni.

Aminina Kallamu,

Assalamu alaikum. Muna fata kuna lafiya, kai da Amsa da yara. Za ka ga rubutun ya canza. Safiyatu ce take rubutawa ni ina faɗa, na kuma roƙe ta duk abin da na ce ta sa shi yadda yake, kada ta gyara.

Maganin ɗigawar da ka aiko ya iso, Allah Ya biya ka. Ina ɗigawa safe da yamma kamar yadda aka ce. Amma idona na hagu ya rufe gaba ɗaya tun kafin Babbar Sallah. Na daman saura ɗan wuri a tsakiya, idan rana ta ɗaga ina gane fuska, in dai mutum ya tsaya sosai. Da muka koma likita ta duba, ta daɗe tana rubutu, ba ta ce min ya tsaya ba. An duba yaran. Ƙananan lafiya lau, amma an ce Rukayya ta riƙa zuwa ana auna ta, nata ya ɗan hau. Tana da ciki, Kallamu. Wannan ya fi nawa tsaya min a rai.

An yi ruwan shuka ranar Laraba. Na ce sai na je gona, aka hana ni, na ƙi hanuwa. Safiyatu ta riƙa sara da sungumi, ni ina biye da ita riƙe da gefen mayafinta, ina laluben ramin da ƙafa, in zuba iri in rufe. Maƙwabtan gona suka yi mana sannu daga nesa, babu wanda ya matso, na san kunyata suke ji. Da muka kai ƙarshen kunya ta uku na ji na taka wani abu mai laushi, ashe kan ramukan da na riga na rufe nake komawa ina zuba iri. Ba ta gaya min ba. Na zauna a gindin kuka har ta gama ita kaɗai.

Matar nan tun da aka kawo ta gidana ba ta taɓa riƙe sungumi ba. Yanzu ita ce gona, ita ce surfen mutane, ita ce mai kai ni bayan gida. Ni kuma abin da take samu a wurina faɗa ne, don idan na yi karo da bango ita ce mafi kusa. Ban iya ce mata komai a fuska ba, shi ya sa nake gaya maka, tunda dole ta ji kafin ta rubuta. Ta tsaya da rubutun yanzu, ina jin numfashinta. Zan jira ta.

Kana ta tambaya me za ka aiko. Kada ka aiko komai. Shekarunka nawa rabonka da gida, kullum sai baɗi. Ina roƙonka ka bar wa yaranka shagon ka biyo Tahir a tafiyarsa ta gaba, kada ka jira kaka, ban san abin da zai rage min zuwa kaka ba. Idan ka iso da yamma ka kwana a gidan yayarka, ka zo min da hantsi. Ka yi sallama, ka tsaya a gabana daidai, kada ka motsa sai na ce maka na gan ka.

Ka gaida Amsa da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Amininka,
Dabo.