Yatsana Ya Ɗora Tashar Bas a Kan Shagon Babana

Goggo mai filin shawara, don girman Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar. In kin ji rubutuna da zafi ki yi haƙuri, ba da ke nake ba. Makonni ke nan hannuna na dama yana cikin aljihu, da hagu nake cin abinci, da cokali, kamar baƙon da bai saba da gidan ba.

Ni saurayi ne, gyaran waya nake yi a bakin kasuwa. Ban daɗe a makaranta ba, amma karatu ban taɓa sakinsa ba. Allon shago, takardar cikin kwalin magani, tsohuwar jaridar da aka naɗo min sabulu, babu wanda nake bari ya wuce. Na faɗi haka ne don ki san ba jahili ne ya rubuto miki ba, duk da abin da za ki ji a ƙasa.

A garinmu za a yi sabuwar hanyar manyan motocin bas, irin waɗanda ake ware wa layinsu su kaɗai, babu ruwansu da cunkoso. Na karance zancen tas a wayata. Hukumar gari za ta kawo wani kaso na kuɗin, wani babban banki zai ba da rancen sauran, amma bankin ya kafe ba zai saki ko sisi ba sai ya ga shaidar an ji ra'ayin mutanen unguwa. Shi ya sa aka kira taro a zauren makarantar firamare, aka yi hayar kujeru, aka kawo lasifika mai kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Babana tela ne, shagonsa na bakin titi ya girme ni. Ya ce taron marasa aikin yi ne, shi da abokansa masu zama a bencin ƙofar shagon babu wanda ya je. Ni na je.

Goggo, ina tsarinsu ya sa tashar yankinmu? Can gaban manyan kantuna, inda kowane gida mota biyu ce a ajiye! Mu da muke rataye a ƙofar mota kullum safiya kamar wanki, mu ne za mu yi tattaki mu same ta. Jinina ya hau. Na karɓe lasifikar na wanke su tas. Na tambaye su ko tashar ta fasinja ce ko ta ɗaukar hoto. Na ce wanda ya zana tsarin nan bai taɓa jiran mota a rana ba, in ma ya taɓa to a cikin mafarki ne. Zauren ya ɗauki tafi. Sai wata injiniya mai tabarau ta ce in zo in nuna inda nake ganin ya dace. Akwai wani tsohon juji tsallaken titi, daura da shagon babana, fili fetal babu mai shi sai awaki. Na taka gaban teburin da aka shimfiɗa taswira, na danna yatsana da ƙarfi, mai hoto ya ƙyasta.

Yanzu ki yi min adalci. Wane mai hankali ne zai shimfiɗa taswira a kan tebur, ya tsaya ta gefe guda, ya bar jama'a ta wancan gefen suna ganin gari a kife? Ni ta ƙafar taswirar na ɗauka nake, ashe ta kanta nake. Dama ta zama hagu. Ban san abin da na aikata ba sai da wasu mutane suka zo da igiyar awo da bokitin jan fenti suka shafa wa bangon shagon babana alama, wai nan za a faɗaɗa titi a kafa tasha, bisa buƙatar al'umma. Al'ummar nan ni ne.

Bai tsaya nan ba. Don su burge banki sai suka buga hoton suka manna shi tun daga farkon titin har ƙarshensa, an rubuta a sama wai jama'a sun zaɓa. Kuma mai hoton nan, Allah ya isa tsakanina da shi, ya yanke kaina. Yatsa ne kawai da bakin hannun riga. Na san da ya sa fuskar da tuni na zama tarihi, amma duk da haka raini ne. Ni na yi magana, yatsa ya samu suna.

To ga inda tashin hankalin yake. Rigar da na saka ranar koriya ce mai zanen ƙananan makullai ruwan ɗorawa. Asalin yadin na mai kemis ne, aminin babana tun suna samari, mutum mai jiki, in ya zauna a benci sai an matsa. Ɗansa ya aiko masa da yadin daga wata ƙasa, mai kemis ya cika unguwa da cewa babu mai irinsa a garin nan. Da ya kawo ɗinki, babana ya gaya masa da ƙyar yadin ya ishe shi. Da ƙyar ɗin nan ce ta fitar min da riga har da aljihu biyu. Babana ya gargaɗe ni kada in kuskura in saka ta a unguwa. Ni kuwa taro ne na manya, ba zan je da rigar da ta sha hayaƙin dalmar gyaran waya ba, sai na saka ta na bi ta lungu.

Ranar da aka manna hoton, babana ya hau kan kujera da tabarau a karan hanci, ya daɗe yana kallon bakin hannun rigar. Ya sauko ya shaida wa duk mutanen benci cewa wannan ɗinkinsa ne, wannan kuma yadin mai kemis ne, don haka maci amanar ya bayyana. Kowa ya yarda, tunda mai kemis da bakinsa ya ce babu na biyu. Bawan Allah ya yi rantsuwa har muryarsa ta dishe. Ya je ya ɗora yatsansa a jikin hoton don a gwada, yatsan nan nasa ya yi uku na nawa. Babana ya ce hoto yana rage ƙiba. Yanzu ba sa gaisawa. In kan babana ya yi ciwo sai an tsallaka wata unguwa sayen magani. Matar mai kemis ta daina amsa sallamar mamata. Masu sayayya sun fara guje wa mai kemis, wai mutumin da ya sayar da amininsa zai iya sayar da maganin da ya lalace.

Sai aka kafa kwamitin ceto shago, aka naɗa ni magatakarda saboda ni ne mai karatu. Babana ya ce in rubuta wa ofishin aikin cewa lallai su fito da mai yatsan a gan shi. Goggo, niyyata in rubuta abu mai sanyi wanda za su jefa a kwandon shara. Amma ni in na kama biro ba na iya tsayawa. Na kira mai yatsan munafuki, ɗan kwangila, maras tarbiyya. Babana har ya dafa kaina ya sa min albarka. Takardar ta yi kyau ƙwarai har suka amsa. Sun ce cikakken hoton yana nan da kai da komai, kuma ranar Asabar za su haska shi a bango a gaban wakilan banki, su karrama matashin da ya nuna kishin unguwa.

In na yi shiru, Asabar za ta tona ni. In na yi magana, na tona babana, duk wanda ya taɓa kawo masa ɗinki zai koma gida ya auna rigarsa. Shago zai tafi, suna ya bi shi. Mamata kuwa, in ta miƙo min cokali takan daɗe tana kallona. Shin zan iya kai ofishin nan ƙara saboda amfani da yatsana babu izini? Ko in ƙone rigar in gudu wurin gwaggona a ƙauye? Kuma ki sani, har gobe ina kan bakana: tashar nan unguwarmu ta dace da ita.

Naki cikin damuwa,
Mai Hannu a Aljihu

*

Ɗana Mai Hannu a Aljihu, na karanta wasiƙarka, na yi dariya har na share hawaye, sannan na sake karantawa na ga abin ba na dariya ba ne kaɗai. Akwai dattijon da ake ƙaurace wa a kan laifin da bai yi ba, akwai kuma shagon da ke ciyar da gidanku.

Mu fara da ƙara. Ka bar zancen. Babu wanda ya kama hannunka, kai ka taka da ƙafarka ka danna. Taswira ma ba ta yi maka komai ba, da ka tambaya ina makaranta take, ina kasuwa, da ka gane inda ka tsaya. Gudu kuma ba zai hana a haska fuskarka ba, sai dai a haska ta babanka yana zaune shi kaɗai a cikin jama'a. Amma zan ba ka naka: maganar da ka yi a taro gaskiya ce. Motar talaka a ƙofar talaka ya kamata ta tsaya, kuma da ba ka je ba babu mai faɗa. Bakinka ya yi aiki, gaggawarka ce ta ɓata shi.

Yanzu batun babanka. Ban shiga zuciyarsa ba, amma ka yi tunani. Telan da ya gane zarensa a jikin hoto, kana jin ya manta riga nawa ya fitar daga yadin? Uban da ya riƙe hannunka kana koyon tafiya, kana jin zai ɗauki siririn yatsan nan a matsayin na amininsa? Ina kyautata zaton tun yana kan kujerar nan ya gane, ya ga in ya ambace ka ya ambaci kansa, sai ya ɗora wa wanda ke kusa. Ku biyu kuna ɓuya a bayan mutum ɗaya, don kun ga yana da faɗi. Wannan ba daidai ba ne, kuma ina jin shi ma babanka ba ya samun barci mai daɗi.

Ga abin da za ka yi, gobe ba jibi ba. Ka saka rigar nan, ka same shi a shago da safe kafin mutanen benci su taru. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka fito da hannun. Ka faɗi naka laifin kawai, kada ka ambaci yadi, rigar za ta yi wannan maganar da kanta. In ya yi faɗa ka haɗiye harshenka, na san zai yi maka wuya, amma ka gwada sau ɗaya a rayuwarka.

Daga nan ku tafi wurin mai kemis tare, ku roƙi mamarka ta shiga wurin matarsa. Babanka ne zai yi bayanin yadin da bakinsa. Kada ka ɗauka duniya za ta tashi, kusan kowa ya san tela da ragowar ƙyalle, kuma amini yakan yafe guntun yadi da sauri fiye da yadda yake yafe ƙazafi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a wanke shi a kan bencin da aka ɓata shi, a gaban mutanen da suka ji.

Sannan ku nemi injiniyar nan kafin Asabar. Jan fenti ba rusau ba ne, tunda kuɗin ma ba su fito ba aikin yana kan takarda. Ku gaya mata kuskure aka yi, juji ake nufi. Masu ba da rance ba sa son rigima da masu shaguna, kuma juji ba ya neman diyya. Ba zan yi maka alkawari ba, mai yiwuwa akwai dalilin aiki da zai hana a koma can. In haka ne, ku nemi diyya a rubuce da wurin zama kusa da tashar, don inda fasinja ke sauka tela ba ya rasa mai tsagaggen wando. Ka zagaya ka tsaya gefen da injiniyar take, ka yi bayani a hankali, amma nuni a bar wa babanka.

Ranar Asabar kuma ka je ka karɓi karramawarka, babanka a dama, mai kemis a hagu. Allah ya daidaita tsakaninku, ya bar shagon a inda yake, ya nuna mana ranar da dattawan nan biyu za su zauna a benci ɗaya suna ƙorafin bas ta yi latti.

Goggonku