Ƙafar Inna Saude

Isa, Jihar Sakkwato

Zuwa ga Yaya Kamaluddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Allah shi ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan lafiya lau. Baba ya samu sauƙin gwiwa har yana fita masallaci, geron Kamarawa kuma ya yi kyau bana, sai dai ba kowace gona anka iya shiga ba saboda ɓarayin daji.

Saƙonka ya iso ta hannun maƙwabcinmu Abbas. Ya ce ka ce in aje aikin asibiti in taho wurinku, wai ba za ka zuba ido a ɗauke ni kan hanya saboda rabon ƙwayar magani da ɗaukar fo na bayan-gidan majinyata ba. Na san tsoro ya sa ka faɗi haka, amma Yaya, maganar ta yi mini ciwo, kuma ba za ni taho ba. Bari in gaya maka abin da nake yi.

Watan jiya anka kawo mana wata tsohuwa daga Turba kan babur, Inna Saude. Tana da ciwon suga, ga gyambo a tafin ƙafa, tushen kara ya soke ta ranar da sunka gudu daga gari. Likita ya rubuta magani, ya ce in babu sauƙi cikin mako guda sai Sakkwato, kuma wataƙila a yanke ƙafar. Ɗiyarta Rahmatu ta ce gara su koma da ita gida ta mutu da ƙafarta. Na ce su ba ni mako gudan.

Mu aikinmu ba ya farawa da allura. Na zauna na dube ta tun daga ido har yatsu, na auna jini da suga da faɗin gyambon, na tambaye ta abin da take ci. Nan na gane ƙafar ba ta jin zafi ko kaɗan, shi ya sa take takawa. Na rubuta damuwarta ɗaya bayan ɗaya, da abin da za mu yi: wanki sau biyu a rana, ɗaga ƙafa, rage fura, awo safe da yamma. Wata abokiyar aikina ta yi dariya, ta ce takarda ba ta warkar da gyambo. Na ce ita ma in ta karɓi aiki ta cika layinta a takardar.

Bayan kwana uku na sake aunawa, gyambo bai ragu ba, kuma kullum bandejin a jiƙe. Ban ce magani ya gaza ba, na koma tambaya. Ashe tsohuwa saukowa take yi ta yi alwala, ta ce ba za ta tsaya gaban Ubangiji da ƙafa busassa ba. Na roƙi liman ya zo har gadonta, ya yi mata bayanin taimama. Ta yi kuka, sannan ta yarda. Ran kwana na bakwai likita ya buɗe ƙafar, ya daɗe yana kallo, ya ce a fasa Sakkwato. Ran na ashirin da huɗu ta fita da ƙafafunta biyu.

To Yaya, mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba mishi. Mu huɗu ma'aikatan jinya munka rage a ɗakin mata. Ina jin tsoron hanya kamar kowa, ba na bin ta bayan la'asar. Amma in na tafi, wa zai tambayi tsohuwa ta gaba me ya jiƙa bandejinta? Ka daina nema mini aiki can. In kana son taimakona, ka yi mini addu'a.

Ka gaishe da Anti Khadijat, da Abdulrauf, da ƙaramarmu Ni'imatullahi. Baba da Inna suna sa albarka.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Sadiƙa Bawa