Umma Ta Hau Bene da Kanta

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da karambanin da na yi na rubuto maka, ni da ko a waya nake kasa wuce gaisuwa. Ina fata kana lafiya, Allah ya ƙara maka ƙarfi a aikinku na bincike. Mu nan duk ƙalau muke.

Albishir nake tafe da shi. Ka san maganin sankarar da aka yi ta ƙara wa Umma ta jijiya ya raunana mata zuciya, har likita ya ce in ba ta farfaɗo ba sai a sake kwantar da ita. Ran Talata aka ɗauki hoton zuciyar, ya ce bugunta ya ƙara ƙarfi sosai, a gida za ta ci gaba da shan magani. Da muka dawo ta hau bene da kanta, sau ɗaya ta huta, ta kuma yi mana faɗa kan yadda muke shanya. Baba ya ce tunda faɗa ya dawo, lafiya ta samu.

Amma na yi wauta. A cikin takardun da ka bari na karanta cewa ana gwada sinadaran wasu tsirrai, da ƙwayoyin halitta masu iya rikiɗa su zama tsoka, don gyara irin wannan zuciyar. Sai na nemo ganyen da ya yi kama da na hoton da ke cikin takardun, na dafa, na zuba a fulas. Allah ya sa ban ba ta ba, na kai wa likita tukuna. Ya sunsuna, ya yi dariya har da tari, ya ce yawancin gwajin a jikin ɓeraye ake yi, kuma ganye yana iya karo da magungunanta. Ya ce matambayi ba ya ɓata. Yanzu Yaya ba ta kirana sai Likitar Fulas.

Umma tana gaishe ka, ta ce ka daina cin abinci a tsaye. A gaida Anti da 'yan biyu. Kaka ma tana sa albarka.

Wata mai zuwa za a sake ɗaukar hoton. In ba zan takura maka ba, ka ba ni izini in rubuto maka sakamakon da hannuna.

'Yar ƙanwarka