Malam Ya Aiko Mini da Mafici

Goggo Fusae, ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ina cikin 'yan wasan wani tsohon shirin barkwanci na talabijin, inda ake jera mu ana yi mana tambayoyi. Aikina shi ne duk wanda ya ba da amsar shirme in kwaɗa masa maficin takarda a ka. Malam Tokuzo, jagoran shirin, shi ya koya mini sana'ar tun ina budurwa. Bana aka farfaɗo da shirin, muka rina furfura muka koma, amma ko damina bai ƙetare ba aka soke shi.

A walimar rufewa, kin san al'ada, babba zai miƙe ya ɗauki laifi, ƙanana su yi caa su ce a'a, nasu ne. Malam ya sunkuyar da kai ya ce shi ya tsufa, shi ya kashe shirin. Ni kuwa da na ga sanƙon nan a gabana, hannuna ya riga hankalina. Na kwaɗa masa tafin hannu a ka, har na ce ai kuwa, laifinsa ne. Aka bushe da dariya, shi ma ya yi, amma tun ranar bai kira ni ba. Jiya sai ga saƙo daga gidansa: tsohon maficin shirin, a naɗe cikin kyakkyawan ƙyalle, babu ko kalma. Kora ce ko karramawa? Mijina ya ce kora, ƙanwata ta ce gado. Na kasa cin abinci, ina tsoron na rasa shi.

Mai Saurin Hannu, Osaka

'Yata, kin yi kuskure, domin walima ba dandali ba ce, kuma dattijon da gaske yake baƙin ciki. Sai dai ki tuna, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana neman dariya ya samu ta ƙarshe ne daga hannunki. Mai kora kuma ba ya ɓata lokaci wajen naɗi. Ina zaton shi ma jiran kiranki yake, girma ne ya hana shi farawa.

Ki daina tambayar miji da ƙanwa. Ki sayi alewar waken da yake so, ki je da kanki, ki durƙusa ki ba da haƙuri. Ki tafi da maficin. Idan ya karɓe, ki yi godiyar shekarun da kuka yi. Idan kuwa ya miƙo miki sanƙon, kin san aikinki.

Ina yi muku fatan shiri.

Goggo Fusae