Kunnen Washar da Ba Ka Lanƙwasa Ba

Zuwa ga yayana, Malam Sambo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na cika ladabi, Yaya. Yanzu kuma ka saurare ni, don shekara arba'in da ɗoriya ke nan ina haɗiye maganar nan, yau kam ta ƙi haɗiyuwa.

Ɗanka Bello ya zo garejina a Bodinga ranar Talata. Wanda ka bari cikin zanen goyo, ga shi yau da furfura a gemu. Bai ko zauna ba, ya tambaye ni wai da gaske ne ni na ɗaure notin kulocin babur ɗin da ya kashe ubansa. Na ce ya dawo Juma'a. Tun ranar nake jin haushinka sabo fil.

Ka tuna hantsin nan a tsakar gidanka na Shagari, kwana biyu bayan sunan Bello? Zamanin farar hula ne, lokacin tsuke bakin aljihu, kayan gyara sun ɓace daga kasuwa, ko a Sakkwato sai ka yi yawo ka dawo hannu biyu. Kulocinka na zamewa, kuma da babur ɗin kake zuwa koyarwa Mandera kullum. Na ce ka bari in tafi da shi gareji, inda nake da abin ɗaure notin nan mai haƙora huɗu. Ka ƙi. Ka kwantar da shi gefen rumfa, ka tsiyaye baƙin mai cikin tsohon kwano, ka cire murfi da kanka.

Kai malamin makaranta ne, Yaya. Alli ka sani. Ni ne na yi shekara tara hannuna cikin baƙin mai, amma don ka girme ni da shekara shida sai ka ɗauka ka girme ni a komai.

Surukinka Malam Dikko na zaune kan tabarma da baƙi biyu da ba su koma ba tun suna. Saboda su ka naɗe hannun riga. Ka sa sababbin faya-fayan kuloci, ka mayar da washa, zoben ƙarfen nan da ke zama ƙarƙashin noti, ka ɗora notin, sannan ka miƙar da babur tsaye ka sa giya, ka ce in hau in taka birkin baya don kada kulocin ya juya. Na hau. Ka ɗauko dakusasshiyar ƙusa da guduma kana bugun haƙoran notin, har ka ce ya isa. Bai isa ba. Daga ƙarar kaɗai na san bai zauna ba.

Washar nan tana da ɗan kunne da ake lanƙwasawa ya shiga tsakanin haƙoran noti, shi ke hana shi warwarewa. Taka an riga an lanƙwasa ta sau biyu, ka ji tsoron ta karye ba ka da wata, sai ka bar kunnen a miƙe ka jawo murfi. Na buɗe baki na ce, Yaya, kunnen. Ka ɗago ka harare ni gaban surukinka, ka ce: "Mi kas sani? Taka birki ka yi shiru."

Na yi shiru. Haka aka raine mu, ƙane ba ya gyara wa wansa gaban mutane, balle gaban suruki. Kai ma ka san ba zan sake magana ba, da wannan ka yi amfani. Wannan ne ban yafe maka ba tsawon shekarun nan. Ka fifita kada Malam Dikko ya ga ƙanenka ya fi ka sanin ƙarfe a kan ranka, da matarka mai jego, da Inna.

Kwana huɗu ya ɗauka. Notin ya warware, kulocin ya cije, tayar baya ta tsaya cak kana tsakiyar gudu a kan kwalta. Ni na ɗauko babur ɗin, ni na buɗe shi. Na tarar da notin yana yawo cikin mai, washar kuma kunnenta a miƙe yadda ka bar shi.

Ka san abin da ka bar mini? A zaman makoki Malam Dikko ya ce da idonsa ya gan ni a kan babur ɗin ranar gyara. Bai yi ƙarya ba, ya gan ni. Kowa ya haɗa sauran da kansa, ga bakanike a gida, wa zai ce malami ne ya riƙe guduma? Masu kawo mini aiki daga Lambara da Dandin Mahe suka koma wani wuri. Wannan bai dame ni ba kamar Inna. Ba ta taɓa zargina da baki ba, amma daga ranar ba ta sake hawa bayan babur ɗina ba. Ko asibiti za ta, gara ta tsaya bakin hanya cikin rana ta jira mota. Haka ta rasu.

Ban kare kaina ba, don ba a tona mamaci. Ka ga, ko kana kabari sai da ka sake sa ni yin shiru.

To amma tunda na fara, bari in faɗi nawa. Ranar gyaran nan na kwana Shagari. Da safe babur ɗin na jingine a zaure, kai kana masallaci, ba suruki ba baƙo. Aikin da bai fi shan koko ba ne in buɗe murfin in lanƙwasa kunnen, in kuma ya karye in hana ka hawa. Na tsaya na dube shi. Sai na tuna hararar nan, na ce a raina bari ya lalace a hanya ka turo shi har gabana kana gumi. Na wuce tasha. Turowa kawai na so ka yi, Yaya, wallahi turowa kawai.

Sai bayan sadakar arba'in matarka Ige ta gaya mini inda za ka ranar. Ba Mandera ba ne. Ka ce mata injin na wani kuka, za ka kai wa ƙanenka Altine ya duba, shi ya san abin nan. Hanyar Bodinga ka kama. Saura kaɗan ka iso.

Washar tana nan cikin gwangwanin da nake aje allurar kabireta. Ranar Juma'a zan sa ta a tafin Bello, in nuna masa kunnen, in gaya masa wanda ya bar shi a miƙe da wanda ya gani ya wuce tasha. In ya tashi ya fita bai yi mini sallama ba, yana da gaskiya. Ka yi haƙuri, wannan karon ba zan yi shiru ba.

Allah Ya gafarta maka taurin kanka, Ya gafarta mini nawa. Ya haskaka kabarinka, Ya sanyaya na Inna, Ya sanar da ita abin da na kasa gaya mata. Ya haɗa mu inda ba wa ba ƙane, in ji ka faɗa mini da bakinka abin da ka faɗa wa Ige.

Ƙanenka da ya taka maka birki,
Altine